Tsarin kamfani ɗaya ko na haɗa-da-kanka: wanne ya dace da sojan Gana a bakin iyaka?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga babban masallacin Kanda, ɗan ƙanwata ya biyo ni gida Nima da jakar kwamfuta a kafaɗa. Manjo ne yanzu, yana kwas a kwalejin manyan hafsoshi da ke Teshie. Ni kuwa da igiyar saje na ajiye aikin sigina, wato sashen sadarwa na soja, shi ya sa in ya ce mini "Kawu" sai in ƙame in ce "ranka ya daɗe", uwarsa ta yi ta dariya. Aikin rubutu aka ba su: a ce yau Gana za ta sabunta yadda kwamandojinta ke jagorantar runduna a fagen daga, wace hanya za ta bi? Ya zo da hanya biyu, ya ce dole ya tsaya a kan ɗaya. Mun kai har isha muna musu, ataya ta ƙare aka sake ɗora wata. Na ga ya kamata in rubuta abin da na gaya masa, domin kuɗin da za a kashe na kowa ne, kuma yaran da ke kwana a bakin iyaka da yawansu 'ya'yan zango ne.

Abin nan da ake kira tsarin jagoranci da sarrafa runduna, in ka ɓare shi tambaya uku ce a ciki. Mutanena suna ina? Abokin gaba yana ina? Abin da nake so a yi, ya isa kunnen wanda zai yi shi a kan lokaci? Kakanninmu da Turawa suka ɗauka aikin soja, tun daga Hausawan da hafsan Ingila Glover ya jagoranta a 1873, da bigila da ɗan aike da harshen Hausa aka riƙa amsa musu tambayoyin nan. A zamaninmu kuwa taswirar takarda ce a kan katako, a lulluɓe ta da farar leda, a riƙa zane da fensirin maiƙo: shuɗi namu, ja na abokan gaba. Kofur yana bakin rediyo da littafin rajista, ana karanto masa lambobi shida na inda 'yan sintiri suke, ya rubuta, ya miƙa wa hafsa, hafsa ya goge tsohon zane da yatsa ya yi sabo. Lamba ɗaya ta kuɓuce wa kunnen kofur, an matsar da mutum talatin da kilomita guda a kan taswira alhali suna nan inda suke. Kuma kar a ɗauka ƙananan ƙasashe kaɗai abin ke ci. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, cikin sojojin Amurka 148 da suka mutu a fagen daga, 35 wutar 'yan uwansu ce ta kashe su. Shi ya sa zuwa yaƙin Iraƙi na 2003 suka saka wa motocinsu na'urar da ke aika inda take da kanta, ɗigon shuɗi ya riƙa tafiya a kan allo ba tare da kofur ya buɗe baki ba. Babu mai musun cewa muna bukatar irin wannan. Musun a kan yadda za a same shi ne.

Hanya ta farko ita ce a je wa kamfani ɗaya a ce ya ɗinka mana riga da wando da hula. Rediyo nasa, kwamfuta tasa, manhaja tasa, motar kwamanda da eriyarta tasa, horo ma shi zai bayar. Masu sayar da irin wannan ba su ɓuya: Thales na Faransa, Elbit na Isra'ila, L3Harris na Amurka, Aselsan na Turkiyya, ga kuma kamfanonin Sin. Zan fara da yabonta, don Manjo ya zarge ni da ƙin ta tun kafin in ji ta bakinsa. Kayan nan an yi su ne don wahala. Rediyon soja na gaske yana faɗawa cikin rafi a tsamo shi ya ci gaba da magana, ƙurar hunturu ba ta shiga cikinsa. Yana tsalle daga mita zuwa mita wajen sau ɗari a daƙiƙa guda, ta yadda mai saurare da oba-oban kasuwa ba zai ji komai ba sai shuuu, mai son toshe shi kuma sai ya sha aiki. Maganar da ke ciki a kulle take. Sannan in abu ya lalace, wuya ɗaya za ka shaƙe, babu mai ce maka laifin wancan ne. Sau da yawa ma ƙasar mai kayan kan haɗa da bashi mai sauƙin biya, wanda ga gwamnatin da aljihunta ya yi sanyi ba ƙaramin jan hankali ba ne.

Inda take ciwo shi ne lokaci da makulli. Manyan tsare-tsare irin wannan kan ɗauki shekaru kafin su iso hannun soja, kafin nan wayar da ke aljihun kurtu ta wuce su. Amurka ta fara wani gagarumin shiri a 2003 na haɗa motoci da na'urori da sojoji a kan sadarwa ɗaya, ta kashe kimanin dala biliyan 18, ta soke shi a 2009. Ingila ta kashe sama da fam biliyan 2 a kan tsarinta mai suna Bowman, wanda ya fara aiki a 2004. Nauyinsa da rikicinsa suka sa sojojinta suka mayar da haruffan sunan abin ba'a, ma'anar ba'ar kuwa: gara taswira da Nokia. Da suka so su buɗe tsarin don su riƙa saka kayan wasu kamfanoni a ciki, sai suka ba da wata kwangilar a 2017, ita ma aka dakatar da ita a ƙarshen 2023 ba a samu abin da ake so ba. Waɗannan ƙasashe ne masu injiniyoyi da lauyoyi jibgi. In su abin ya riƙe musu wuya haka, mu da za mu sa hannu a takardar da wani ya rubuta fa?

Sai maganar dala. Farashin da ake faɗa ranar sa hannu somin-taɓi ne. Akwai lasisin manhaja duk shekara, akwai kayan gyara, akwai batir da ba ya shiga rediyon kowa sai nasu, akwai injiniyan da za a ɗauko daga waje a sauke shi a otal. Duk da dala. Mu kuwa mun ga 2022 da idonmu: a farkon shekara sidi shida da 'yan kai ke sayen dala ɗaya, kafin Nuwamba ta haura sidi goma sha huɗu, a Disamba gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje, sai a Mayun 2023 asusun IMF ya amince da rancen dala biliyan 3. A shekara irin wannan, wane ne zai tuna da lasisin manhajar bataliya? Na taɓa riƙe makullin wani sito, ba sai na faɗi inda yake ko na wace runduna ba ne. Rediyoyi ne jere a kan kanta, wasu ko ledarsu ba a cire ba, an ƙi fitar da su saboda ƙaramar na'urar da ake loda musu makullin sirri ta mutu, kuma babu mai ikon gyara ta sai wanda ya ƙera. Kullum da safe in share musu ƙura, in ƙirga su, in sa hannu cewa suna nan lafiya. Suna nan lafiya kuwa. A waje yara na sintiri da tsofaffin da muka ɗaure wa eriya da salatif.

Hanya ta biyu ita ce wadda Manjo ya zo yana zumuɗinta, kuma na fahimci dalili. A nan ba kamfani ɗaya ke riƙe da kai ba. Ka ɗauki waya ko allon hannu irin na kasuwa mai ƙwari, ka saka masa manhajar taswira, ka haɗa shi da duk hanyar sadarwar da ta samu: rediyo, sabis na waya, tauraron ɗan'adam. Ya buɗe mini ATAK a wayarsa, manhajar da sashen bincike na sojan saman Amurka ya fara a 2010, aka saki nau'inta na farar hula ga kowa a 2020. Ga taswirar Nima tsaf, ga babban kwalbatin da ya raba mu da Maamobi, ga ɗigonsa, ga na abokinsa a Teshie yana motsi. Ya dangwala yatsa a kan kasuwa ya sa alama, cikin ƙiftawar ido abokin ya turo cewa ya gani. Aikin da ni da kofur da fensirin maiƙo kan yi cikin minti biyar, in ba a samu kuskure ba.

Hujjarsa babba ita ce Yukren. Tun 2014 'yan sa-kai suka rubuta manhajar Kropyva a kan allon hannu na Android don masu harba igwa, lissafin da kan ci mintuna ya dawo na daƙiƙoƙi. Wata kuma mai suna Delta, wadda ita ma daga hannun 'yan sa-kai ta taso, tana tattara abin da jirage marasa matuƙa da masu leƙen asiri suka gani a kan taswira ɗaya, gwamnati ta karɓe ta a hukumance a 2023. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne saurin gyara. Soja ya yi ƙorafi yau, mako mai zuwa an sauya manhajar. Ita kanta Amurka ta karkata nan: a Yulin 2025 ta ba kamfanin Anduril kwangilar kusan dala miliyan 100 don gwada sabon tsarin da aka gina a kan manhaja da kayan kasuwa a runduna guda. Ga araha, ga kuma hannun gyara a gida. Duk wanda ya taɓa kai wayarsa Tip Toe Lane, layin masu gyaran waya a Circle cikin Akra, ya ga yaro ɗan zango ya ɗaga ƙwaƙwalwar waya da iskar zafi ya mayar, ya san ba a rasa masu hannu a ƙasar nan ba. Jami'ar KNUST a Kumasi tana yaye masu rubuta manhaja duk shekara, ɗaliban wata jami'a a Koforidua kuma su suka ƙera GhanaSat-1 da aka harba a 2017.

Na bar shi ya gama, sannan na ce ya kashe data ɗin wayar. Ɗigonsa ya tsaya, na abokinsa ya daskare a inda yake. Taswira na nan da kyanta, amma ta zama hoto.

A nan ne na fi daɗewa da shi, domin nan ne masu sha'awar allo ke tsallakewa. Manhaja famfo ce, sai da bututu. Wane bututu ne, wato wace hanyar sadarwa ce, zai kai Pusiga ko Hamile da ke bakin iyaka ranar da abu ya ɓaci? In ka ce ƙarfen sabis na MTN ko Telecel, to shi ne abin da mahara ke fara ƙonawa. Boko Haram ta yi haka a arewacin Najeriya a 2012, masu iƙirarin jihadi sun yi ta yi a Burkina Faso. Wani lokaci ma hukuma ce da kanta ke kashe sabis don ta makantar da su, kamar yadda aka yi a Borno da Yobe a 2013 da Zamfara a 2021. Ka ga ranar da ka fi bukatar tsarin, ranar ce kai da kanka za ka yanke masa numfashi. In kuma rumbun bayananka yana wata ƙasa, ka tuna 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kodebuwa, bankuna da ofisoshi a Akra suka yi cirko-cirko kwana da kwanaki. In ka ce Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya fara aiki a Gana a 2024, na yarda yana da sauri, taurarinsa na yawo a nisan kilomita 550 kacal, ba kamar tsofaffin da ke nisan 36,000 ba. Amma makunninsa yana hannun mutum ɗaya a Amurka, kuma a 2022 ya ƙi buɗe wa Yukren shi a kusa da Kirimiya lokacin da ta nema don kai hari. Tun kafin wannan, a safiyar 24 ga Fabrairun 2022, kutsen da aka yi wa sadarwar tauraron kamfanin Viasat ya kashe dubban na'urori a daidai lokacin da tankokin Rasha ke shirin tsallaka iyakar Yukren. Kayan aro ba ya rufe katara.

Bayan bututu akwai tonon asiri. Duk abin da ke aika saƙo yana ihu ne a cikin duhu, mai kunne zai ji daga ina. A daren shiga 2023 aka yi wa sojojin Rasha ruwan rokoki a Makiivka da ke gabashin Yukren, ma'aikatar tsaronsu ta amsa mutuwar 89, ta ɗora laifin a kan wayoyin da yaran suka kunna. A 2018 manhajar motsa jiki ta Strava ta zana wa duniya siffar sansanonin Amurka, don kawai sojoji na gudun safe da agogon hannu. Ka kuma ɗauka an kashe mai riƙe da allon an ɗauke shi: abokin gaba ya samu taswira mai nuna masa kowane ɗigo namu, sai fa in an tsara yadda za a cire na'urar daga nesa nan take, kuma an taƙaita abin da kowane mataki ke iya gani. Sabon tsarin nan na Amurka da aka ba Anduril ma, wata biyu da ba da kwangilarsa wata takardar cikin gida ta yi gargaɗi a kan raunin tsaronsa, hukuma ta ce an gyara. Batun inda ka sayo kayan kuwa, abin da ya faru a Labanan a Satumbar 2024, da na'urorin saƙo da oba-oba na Hizbullah suka riƙa fashewa a jikin masu su, ya isa darasi ga duk mai cewa a je kasuwa a kwaso masu araha.

Ƙasarmu ma tana da nata hukuncin. A Maris da Afrilu zafin Navrongo da Bawku kan haura digiri 40. Wayar kasuwa a kan ƙirjin soja cikin wannan rana za ta rubuta maka cewa ta yi zafi ta kashe kanta, allon kuma ba ya ganuwa sai ka yi masa inuwa da hula. A Agusta da Satumba, in aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina, Farin Volta ya cika ya yanke hanyoyi, man janareta ya ƙi isa. Tsaunin Gambaga yana tare rediyon gajeren zango kamar bango.

Na ce wa Manjo ya ajiye Yukren tukuna, ya kalli irin yaƙin da ke ƙofarmu. Iyakarmu da Burkina ta kusa kilomita 600. Abin da ya samu maƙwabta ba yaƙin igwa da tankoki ba ne. Mutane ne a kan babura, su taru da asuba su afka wa ƙaramin sansani, su watse kafin rana ta ɗaga. Haka aka kashe sojojin Togo 8 a Kpekpakandi a Mayun 2022, haka aka kashe na Benin 54 a Afrilun 2025. A Tongo Tongo ta Nijar, Oktoban 2017, sojojin Amurka huɗu da abokan aikinsu 'yan Nijar suka mutu a kwanton ɓauna, kuma kusan sa'a guda ta wuce kafin a nemi ɗauki, duk da kayan da Amurka ke da su. A minti goman farko na irin wannan hari, laftanan da ke wurin abu uku yake so: muryarsa ta isa bataliya, a san daidai inda yake, a san mutum nawa suka ji rauni. Duka ukun nan ba su da nauyi. Saƙon wuri bai fi saƙon tes ba, tsohon rediyon dogon zango ma yana ɗaukarsa. Wannan rediyon, in ka shimfiɗa eriyarsa ƙasa-ƙasa ya harba sama, siginar kan dawo ta rufe kilomita ɗari biyu zuwa uku ko da tsauni a tsakani, babu ƙarfen sabis, babu tauraro, babu lasisin kowa. Wahalarsa ita ce mitar rana daban da ta dare, sai mai hannu, kuma ba ya ɗaukar bidiyo. Bidiyon jirgi maras matuƙi shi ne mai cin bututu, kuma shi ne abin da ake nuna wa manya a ɗakin taro har su sa hannu.

Akwai wani ma'auni da tsarin kamfani ɗaya ke faɗuwa warwas, wato maƙwabta da abokan aiki. A bakin iyaka ba soja kaɗai ba ne, akwai 'yan sanda, akwai jami'an shige da fice, akwai kwastan, kowa da irin oba-obansa. Kayanmu ma tsintar gari-gari ne: a Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta ba Gana motoci masu sulke 105, wasu kayan daga Sin suke, wasu daga wasu wurare, kuma kyauta ba a ce mata sai irin kaza. Sannan ga ƙasashen da aka kafa Shirin Akra na haɗin gwiwar tsaro da su a 2017, Benin da Togo da Kodebuwa da Burkina, duk da Faransanci suke aiki, Burkina kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A wani aikin kiyaye zaman lafiya da na je, rediyonmu da na rundunar da ke gefenmu ba sa jin juna ko kaɗan. Maganin da aka yi shi ne aka ɗauke ni da rediyona aka ajiye a tantinsu, su ma suka aiko nasu. Hafsansu ba ya jin Turanci, ni ba na jin Faransanci, sai ga wani kofur ɗinsu ya ji ina ƙunƙuni ya ce, "Kai Bahaushe ne?" Wata uku da Hausa aka haɗa rundunonin nan biyu. Har gobe ina ganin wannan dabarar za ta yi aiki, amma ba a gina tsaron ƙasa a kan sa'ar haɗuwa da kofur.

Abin da ake ginawa a kai shi ne ƙa'ida ɗaya ta musayar bayanai wadda ƙasa ta mallaka. Kowa a Gana ya san misalinta ko da bai san sunanta ba. Kafin Mayun 2018, in kana MTN ba ka iya tura kuɗi kai tsaye zuwa wani layin, sai ka nemi mai kiyos. Da aka kafa ƙa'ida ɗaya a tsakiya, kowane kamfani ya ci gaba da harkarsa amma kuɗi na ratsawa. Afirka ta Kudu ta yi irin wannan a harkar soja da abin da ta kira Link-ZA: duk mai son sayar mata da jirgi ko rediyo, dole kayansa su iya wannan harshen. Manjo ya ce ai wannan ya fi kusa da hanya ta biyu. Na ce haka ne, kuma a nan na tsaya, amma da sharaɗin a juya jerin sayayyar.

Ga yadda na ce ya rubuta. Kuɗin farko ya tafi ga rediyon soja na gaske, na gajeren zango da na dogo, masu tsallen mita da kulle magana, tare da batura da sola da kayan gyara na shekaru. A wannan ɓangaren kar a yi rowa, kar a je kasuwa, a saya daga manyan kamfanonin nan, amma a rubuta a kwangila cewa makullin sirri mu za mu riƙa ƙirƙirarsa, gyara a barikinmu za a yi, kuma ƙofar da ake haɗa rediyon da kwamfuta a buɗe take ga kowace manhaja. Kamfanin da ya ƙi, a gode masa a kira na gaba. A kan wannan ƙashin bayan sai a ɗora manhaja mai sauƙi, wadda za ta iya rayuwa da siririn bututu: wuri, gajeren saƙo, rahoton rauni. Rumbun bayanai ya zauna a gida, ɗaya a Burma Camp, hedikwatar soja da ke Akra, ɗaya a Kumasi, ɗaya a Tamale, kowanne ya iya tsayuwa shi kaɗai in an yanke sauran. Starlink da sabis na waya a ɗauke su a matsayin ƙari, in suna nan a sha bidiyo, in sun tafi ba a mutu ba. Taswirar takarda da fensirin maiƙo kuma su ci gaba da zama a jaka, a riƙa kashe komai da gangan a lokacin atisaye don a ga wanda ya manta karatunsu.

Akwai inda zan sauya ra'ayi. Sojan sama da na ruwa lamarinsu daban. Haɗa na'urar hango jirage da jirgin yaƙi, ko sa ido a kan tekun Gini, aiki ne da kuskuren daƙiƙa ke kashe mutane, kuma kayan ba su da yawa. A can, dunƙulallen tsari daga hannu ɗaya ya fi hankali. Haka kuma in ƙasa ba ta shirya ɗaukar masu rubuta manhaja ta riƙe su da albashin da zai hana banki sace su ba, to hanya ta biyu za ta mutu a shekara ta uku, ta bar mu da wayoyi masu tsohuwar manhaja da ba mai toshe ɓarakarta. Wanda ya san ba zai iya ciyar da doki ba, gara ya yi hayar mota ya san abin da yake biya.

Abu ɗaya na roƙe shi ya saka ko da malamansa ba su tambaya ba. Allo yana da jaraba ga manya. Ranar da janar a Akra ya ga ɗigon kowane soja a Bawku, hannunsa zai yi ƙaiƙayi ya fara cewa wancan ya matsa hagu, alhali bai ga ramin da ke hagun ba. Laftanan da aka saba yi wa haka, ranar da allo ya mutu zai tsaya jiran umarnin da ba zai zo ba. Ko wace hanya aka bi, sai an rubuta wa kowane mataki abin da zai gani da abin da ba ruwansa. Mu 'yan sigina muna alfahari da cewa Janar Erskine, kwamandan farko na rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Labanan a 1978, namu ne, haka ma Janar Anyidoho da ya tsaya da sojojin Gana a Ruwanda a 1994 lokacin da wasu ke kwashe nasu. Mutanen da suka san waya ciki da bai ke nan, kuma abin da ake tuna su da shi hukuncin da suka yanke ne a wurin da suke tsaye.

Kafin a sa hannu da kowa, na ce a kai kayan sansanin atisayen soja da ke Daboya a watan Afrilu, a damƙa wa kofur-kofur na bataliya, ba injiniyoyin kamfani ba, a kashe sabis, a hana janareta mai na kwana uku, a sake maimaitawa a makarantar yaƙin daji da ke Achiase cikin ruwan sama da duhun daji. Ya rubuta wannan da sauri, ya tashi don kar cunkoson motoci a mahaɗar Asibitin Soja na 37 ya riƙe shi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare sai ga wayarsa. "Kawu, sintirin kwana uku, batir nawa rediyo ɗaya ke ci?" Na ce a lissafinmu na da, in ba a cika surutu ba, ɗaya na kai awa goma sha biyu, shida ke nan, ka ƙara biyu don ɗaya zai ƙi caji, ɗaya kuma wani zai ara ya manta. Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce bai saka nauyinsu a kayan da soja zai goya ba, ga allon hannu ma da nasa batirin. Na ce ya auna su a sikeli gobe kafin ya rubuta lamba.